Tsakanin darduma da hidimar mutane: yadda zaka gyara zuciyarka ba tare da ka saki aikin da ke jiranka ba

Akwai wani dare da nake jinyar mahaifina a asibiti, wajen ƙarfe 3, na ga ya ɗan samu barci sai na lallaɓa na shimfiɗa darduma a gefen gado zan yi nafilar da na saba, ko Fatiha ban ƙarasa ba naji yana kiran sunana a hankali, ashe ya ɓata shimfiɗarsa ne kuma yana jin nauyin a kira nas. Na yanke sallar na zo na ɗaga shi, na cire zanin gadon, na goge masa jiki da ruwan ɗumi na canja masa riga, shi kuma duk ya kau da kai yana kallon bango. Abinda har yau yake damuna shine abinda naji a ƙirjina lokacin, wani ɗan haushi-haushi, wai an katse min ibada. Sai bayan asuba na zauna ina tambayar kaina, wai shin wacce ibadar aka katse, bayan ga Baba a hannuna?

Bayan wasu shekaru kuma sai na faɗa ɗaya ɓangaren, na shiga aikin taimakon marasa lafiya ka'in da na'in, waya bata hutawa, mitin kan mitin, har ya zama ina sallar magariba waya na girgiza a aljihuna kuma hankalina na kanta, in sallame ban san surar da na karanta ba, in dawo gida yarinyata ta rugo da littafinta in daka mata tsawa. A waje kowa yana sa min albarka, a gida ana lallaɓa ni kamar ƙwai.

Daga waɗannan biyun na tattara abinda zan rubuta. Ni musulmi ne, dan haka da abinda na sani zan yi magana, amma matsalar tsohuwa ce kuma ta kowa ce, ko a Linjila akwai labarin Marta da Maryamu a Luka sura ta 10, ɗaya tana ta hidimar baƙo ɗaya ta zauna tana saurare. Abinda na fahimta dai shine ba raba lokaci gida biyu ake yi ba, rabi na Allah rabi na duniya. Abu ɗaya ne yake zagayawa, ka ɗebo a keɓe, ka kai cikin mutane, mutane su nuna maka inda tulunka yake yoyo, ka koma ka liƙe. Ga yadda nake bi.

Mataki na 1: gano ɓangaren da kake ɓuya a ciki

Kusan kowa yana da inda yake gudu idan rayuwa ta matse shi. Wani darduma yake gudu, wani aiki. Kafin ka canja komai ka ɗauki sati ɗaya kana kallon kanka kawai, kar ka gyara komai tukuna.

Idan kai mai ɓuya a ibada ne zaka ga alamomi irin haka: akwai wata waya da ya kamata ka buga tun watanni, ko bashi da ya kamata ka je ka yi magana akai, ko aiki da ya kamata ka nema, amma duk sanda abin ya faɗo maka a rai sai kace bari in ƙara addu'a tukuna, kuma kana jin mutane suna ɓata maka natsuwa, kana ganin masu fita nema kamar 'yan duniya ne. Idan kuma a aiki kake ɓuya, shiru yana baka tsoro, minti 5 bazaka iya zama ba tare da ka taɓa waya ba, kullum "wallahi na yi bizi", sallarka kamar ƙoton kurciya, kuma idan aka yi aikin alheri ba a ambaci sunanka ba sai abin ya kwana a ranka.

Ka rubuta a takarda wanne ne kai. Yana da amfani sosai, saboda maganin mutum na farko guba ne ga na biyu, wanda ya cika zama idan ka ce masa ya ƙara keɓewa ka kashe shi, wanda ya cika gudu kuma idan ka ƙara masa kwamiti ka ƙarasa shi.

Mataki na 2: kafa abinda baya faɗuwa, komai ƙanƙantarsa

Farillai dai ba a maganarsu, salloli biyar akan lokaci sune kwarangwal ɗin ranarka, akansu zaka rataya sauran. Bayansu ka zaɓi wani ɗan wuridi da zaka iya riƙewa ko a ranar da ka fi kowacce gajiya. Ni nawa minti 20 ne bayan asuba: azkar ɗin safe, shafi biyu na Alƙur'ani da duba ma'anarsu, sai ɗan zama shiru. Naka zai iya zama minti 10. 'Yar'uwa mai goyo ko mai aikin dare, naki zai iya zama bayan isha'i ko sanda yaro ya yi barci, ba dole sai asuba ba.

Sharaɗi ɗaya ne bana sassautawa akai, kar a taɓa waya kafin a gama. In da hali ma ka sa ta caji a wani ɗakin, ka nemi ɗan agogo mai ƙararrawa ya riƙa tashinka, kuma ka yi karatun da mus'hafi na takarda, dan da zarar ka buɗe WhatsApp wai ka duba saƙo ɗaya, duniya ta riga ta shigo maka ɗaki kuma bata fita da sauƙi.

Dubi yadda Suratul Muzzammil ta tsara abin. An ce wa Annabi (SAW) ya tsaya da dare, sai aya ta 5 ta faɗi dalili, cewa za a ɗora masa magana mai nauyi, aya ta 7 kuma ta ce yana da zirga-zirga mai tsawo da rana. Kenan tsayuwar daren guzuri ce ta aikin rana. Sannan a aya ta 20 aka sauƙaƙa, aka ambaci marasa lafiya da masu tafiya a bayan ƙasa suna neman falalar Allah, aka ce ku karanta abinda ya sauƙaƙa. Wanda ya halicce mu ya san muna fita nema, kuma bai ɗauki fitar a matsayin laifi ba.

Dan Allah kar ka fara da babba. Na sha ganin wanda ya ji wa'azi ya ɗau zafi, ya ce daga yau izu biyar kullum da tsayuwar dare da azumin Litinin da Alhamis, sati biyu ya saki duka har da abinda yake yi a da. Annabi (SAW) ya taɓa shiga masallaci ya ga igiya a ɗaure tsakanin ginshiƙai biyu, aka ce ta Zainab ce, idan ta gaji da tsayuwa sai ta riƙe, ya ce a kwance ta, mutum ya yi salla gwargwadon kuzarinsa, in ya gaji ya zauna. Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi ya yi ta neman a ƙara masa azumi da karatu yana cewa zai iya fiye da haka, da ya tsufa sai ya riƙa cewa ina ma ya karɓi sauƙin da aka yi masa. Kuma hadisin Nana A'isha sananne ne, aikin da Allah ya fi so shine wanda aka dawwama akai ko da kaɗan ne.

Mataki na 3: jera haƙƙoƙin da ke wuyanka, ka fara daga na kusa

Labarin Salmanul Farisi da Abud Darda'i yana cikin Bukhari. Salman ya kai masa ziyara ya tarar da matarsa duk a yamutse ba kwalliya, ya tambaye ta, ta ce ai ɗan'uwanka bashi da buƙatar duniya. Aka kawo abinci Abud Darda'i ya ce shi azumi yake, Salman ya ce bazai ci ba sai ya ci. Dare ya yi ya tashi zai yi salla, Salman ya ce kwanta, ya sake tashi ya ce kwanta, sai ƙarshen dare ya ce to yanzu tashi, suka yi tare. Sannan ya faɗa masa cewa Ubangijinka yana da haƙƙi akanka, kanka yana da haƙƙi akanka, iyalinka suna da haƙƙi akanka, ka ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa. Da labari ya je wa Annabi (SAW) sai ya ce Salman ya yi gaskiya. Abinda yake taɓa ni a labarin shine Salman a fuskar matar ya fara gano matsalar, tun kafin ya ga mijin.

To kai ma ɗauko takardar nan ka jera. Jikinka: barci da magani da hutu. Iyayenka, matarki ko mijinki, 'ya'ya. Aikin da ake biyanka, wanda amana ne, kuma wanda yake zuwa ofis a makare yana barin mutane a layi da sunan ya tsaya walaha ya sani albashin nan za a tambaye shi. Bashin da ake binka. Maƙwabta da dangi. Sai can a ƙarshe hidimar al'umma.

A wannan na ƙarshen ka zaɓi abu ɗaya tak. Koyar da yara uku karatu duk ƙarshen sati, ko duba wani tsoho da ba mai dubashi, ko ba da jini lokaci-lokaci in lafiyarka ta yarda, ko wata ƙungiya ɗaya da ka yarda da gaskiyarta. Ka sa masa rana da awa, misali awa 2 a sati, ka riƙe shi wata 6 kafin ka ƙara wani. Fostin akan matsalolin duniya yana sa mutum ya ji kamar ya yi wani abu alhali ba wanda ya ƙoshi ko ya warke, dan haka kar ka lissafa shi cikin awa biyun nan.

Kuma ka kiyaye tsarin jerin, kar na ƙasa ya haye kan na sama. Ni abinda ya same ni kenan, ina ta ceton na waje yarinyata tana tsoron nuna min littafinta.

Mataki na 4: tsaya a bakin ƙofa ka gyara niyya

Wannan gajere ne amma shine gadar da ta haɗa ɓangarorin biyu. Kafin ka shiga wurin aiki, ko ka buɗe shago, ko ka shiga gida da yamma, ka tsaya daƙiƙa 30, hannunka akan ƙofa ko kana zaune a mota, ka tambayi kanka me na zo yi nan kuma dan wa. Shikenan. Da wannan ɗan tsayuwar neman halal ya koma ibada, wankin kwanuka ya koma ibada. An tambayi Nana A'isha me Annabi (SAW) yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, idan lokacin salla ya yi sai ya fita.

Masu aikin alheri su suka fi kowa buƙatar wannan matakin, saboda hadisin da ke cikin Muslim ya nuna waɗanda za a fara yi wa hukunci ranar alƙiyama sun haɗa da wanda aka kashe a fagen yaƙi, da malami makaranci, da mai kyauta, duk dan sun yi ne a ce sun yi. Amma kuma kar tsoron riya ya sa ka nannaɗe hannu, wannan ma wani tarkon ne, ana ruwaito wa Fudailu ɗan Iyad cewa barin aiki saboda mutane shi ma riya ne. Maganin da na gani yana aiki shine ka riƙe wani alheri guda ɗaya da ba wanda ya sani, ba hoto, ba sitatus, ko matarka bata sani ba in zai yiwu. Duk sanda ka ji zuciyarka tana ƙaiƙayin ka faɗa, ka lura da ƙaiƙayin nan sosai, yana nuna maka girman aikin da ya rage a ciki.

Mataki na 5: ɗauki hali ɗaya ka fita da shi cikin mutane

Anan ne nake so mu daɗe, dan anan mafi yawanmu muke yaudarar kanmu ba da gangan ba. A kan darduma kowa mai haƙuri ne, ba wanda ya taka ka, ba wanda ya ci maka kuɗi, ba yaron da ya zubar maka da ruwa akan kwamfuta. Hawayen da ka zubar a sujada gaskiya ne, ban ce ƙarya bane, amma ba a san ko ya shiga jiki ba sai ƙarfe 2 na rana sanda wani ya yi maka magana a gadarance gaban mutane. An ba Annabi (SAW) labarin wata mata mai yawan salla da azumi da sadaka amma tana cutar da maƙwabtanta da harshenta, ya ce tana wuta. Wannan hadisin ya kamata ya hana duk mai son ibada barci.

Yadda ake yi: ka zaɓi hali guda ɗaya da ka san yana kayar da kai. Fushi, gulma, saɓa alƙawari, hassada, rowa, son a yabe ka, ƙarya 'yar ƙarama irin ta "ina hanya" alhali ko wanka baka yi ba. Ɗaya kawai, na kwana 30 ko 40. In baka san wanne ba, tambayi wanda yake zaune da kai kuma ka yi shiru ka ji amsar ba tare da ka kare kanka ba, su sun sani sarai.

Sai ka gano a ina kuma da wa abin yake faruwa, dan halin banza yana da adireshi. Fushina ni yana zuwa ne tsakanin shigowata gida da cin abinci, sanda nake a gajiye da yunwa, ba kowane lokaci ba. Da na gane haka sai abin ya zama ƙarami, ya zama minti 30 ne nake yaƙi dasu a rana. Da asuba a cikin wuridina ina roƙon Allah akan waɗannan mintocin musamman, da yamma kuma ina amfani da abinda aka koyar akan fushi, neman tsari daga shaiɗan, yin shiru, in ina tsaye in zauna, in yi alwala. Na kuma roƙi mutanen gidan su bani minti 10 in na shigo kafin a kawo min ƙara.

Idan gulma ce taka, wataƙila a wani guruf ɗaya take faruwa ko da wani aboki ɗaya, ka shirya tun safe abinda zaka ce idan aka ɗauko sunan wani, ko ka canja zance ko ka tashi. Idan saɓa alƙawari ne, ka daina cewa "insha Allahu zan zo" alhali ka san bazaka ba, ka koyi cewa ka yi haƙuri bazan samu dama ba. Idan hassada ce, ka ambaci sunan wanda kake jin ƙyashinsa a addu'arka ka roƙa masa ƙari, da farko zaka ji bakinka ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutse, ka daure, bayan sati biyu ko uku nauyin yana raguwa.

Ka ga kenan mutanen da kake ganin suna hana ka natsuwa su ne makarantar. Akwai hadisi a Tirmizi da Ibnu Majah da ya fifita muminin da yake cuɗanya da mutane yana haƙuri da cutarwarsu akan wanda baya cuɗanya dasu. Wanda ya gudu daga mutane dan kar ya yi fushi, fushin yana nan kwance, abinda zai tashe shi ne bai zo ba.

Mataki na 6: hisabin dare, da biyan bashi da safe

Kafin barci, minti 5, waya a nesa. Tambaya uku nake yi. Ina na tuna Allah yau a tsakiyar aiki? Wa na ɓata wa rai ko na tauye? Me ya kamata in yi na kauce masa? Ana ruwaito wa Sayyidina Umar cewa ku yi wa kanku hisabi kafin a yi muku.

Abinda ya bambanta hisabi da zaman dukan kai shine ya haifar da aiki gobe. In ka tauye wani, istigfari kaɗai baya wanke haƙƙin mutum, sai ka kira shi ko ka je, ka ce na yi kuskure jiya ka yafe min, in kuɗi ne ka mayar ko ka faɗi ranar da zaka biya. Hadisin mufallisi yana nan, mutumin da zai zo da salla da azumi da zakka amma ya zagi wannan ya ci dukiyar wancan, a yi ta ɗibar ladansa ana ba su har ya ƙare. In kuma abu ne ka kauce masa, ka sa shi ya zama farkon abinda zaka yi gobe bayan wuridi, kafin rana ta yi zafi zuciya ta fara kawo uzuri.

Sai abu na ƙarshe a zaman, ka sauke sakamako. Masu hidima da yawa abinda yake ƙona su shine sun ɗauki sakamakon a kansu, mara lafiyan da aka tara wa kuɗi ya rasu, yaron da ka koyar ya watsar, sai zuciya ta karaya. An ce wa mai raƙumi ya ɗaure sannan ya dogara ga Allah, kuma an ce idan alƙiyama ta tsaya akwai dashen dabino a hannunka, in zaka iya dasawa ka dasa. Wanda zai dasa a wannan ranar ai ya san bazai ga 'ya'yan ba. Ka ce ya Allah na yi iya yina ga sauran nan, ka ja bargo.

Mataki na 7: keɓewa, amma mai ranar dawowa

Lokaci-lokaci ɗan wuridin safe baya isa, sai mutum ya janye sosai. Wannan ba laifi bane, Annabi (SAW) ya kasance yana keɓewa a kogon Hira kafin wahayi, amma dubi abinda ya biyo baya, Suratul Muddassir ta zo da tashi ka yi gargaɗi, kuma bai koma zaman kogo ba. Abinda ya rage shine i'itikafi, kwana 10 na ƙarshen Ramadan cikin shekara mai kwana 354, sauran duk cikin mutane.

Imamu Gazali yana koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ɗalibai wajen 300 a gabansa, a 1095 ya shiga wani hali har harshensa ya kasa ba da darasi, dan ya duba niyyarsa ya ga neman suna ne yake jan shi. Ya tanadar wa iyalinsa abinda zasu rayu dashi ya fita, ya zauna Dimashƙa, ya je Ƙudus, ya yi aikin hajji, ya daɗe a keɓe, amma a 1106 ya koma koyarwa a Naisabur kafin rasuwarsa a 1111. Amir Abdulƙadir na Aljeriya kuma mutumin zikiri ne da karatu mai zurfi, shi ne ya jagoranci yaƙi da Faransa daga 1832 zuwa 1847, kuma a 1860 da rikici ya ɓarke a Dimashƙa ya fito da mutanensa ya ba dubban kiristoci mafaka. Nana Asma'u 'yar Shehu da ta rasu a 1864, duk da zurfinta a ibada da ilimi, ita ce ta tsara 'Yan Taru, mata suna kai wa mata karatu har inda suke.

Mu ba sai mun yi shekaru ba. Rabin yini a wata ya isa, ka kashe data, ka sanar da mutanen gida inda kake da lokacin da zaka dawo, ka tabbatar baka bar wa wani nauyinka ba tare da yardarsa ba, musamman magidanta, kar keɓewarka ta zama ƙarin wahala ga matarka, kuma ita ma ka karɓi yara ka bata nata rabin yinin. Ka tafi da tambaya ɗaya da kake son ka duba, ka dawo da shawara ɗaya da zaka aiwatar.

Mataki na 8: idan biyun suka yi karo

Zasu yi karo, kamar daren asibitin nan. Abinda nake bi mai sauƙi ne. Farilla tana gaba da nafila ko ta wane ɓangare, sallar farilla bata jiran mitin, kuma kula da iyaye ko ciyar da iyali baya jiran nafila. Labarin Juraiju yana cikin Bukhari da Muslim, mahaifiyarsa tana kira yana salla ya zaɓi ci gaba da sallarsa, kuma ya ga jarrabawa akan haka. Sannan abinda zai wuce in ba a yi yanzu ba yana gaba da abinda za a iya ramawa, shafi biyunka zaka iya karantawa da azahar, amma wanda yake buƙatar a kai shi asibiti yanzu yake buƙata. Annabi (SAW) da kansa yakan shiga salla yana son tsawaitawa, ya ji kukan yaro sai ya taƙaita saboda tausayin uwar, kuma ya yi wa Mu'azu faɗa da ya tsawaita wa mutane karatu a limanci.

Sai dai ka rama. In hidima ta cinye wuridin safe, ka yi shi kafin ka kwanta ko da rabinsa ne, in ba haka ba "yau dai uzuri ne" zai zama kullum. In ka ga sati guda cur kullum gaggawa ce take cinye zamanka da Allah, to jadawalinka ne ya cika, koma mataki na 3 ka sauke wani abu, ka kira wanda ya kamata ka ce masa bazan iya ci gaba da wannan ba.

Mataki na 9: ranar da komai ya sake

Akwai lokacin da zaka ji zuciya ta bushe, kana karatu baka jin komai, kana hidima kana jin haushin waɗanda kake yi wa. Hanzala, sahabi ne fa, ya haɗu da Sayyidina Abubakar ya ce Hanzala ya yi munafunci, dan idan suna gaban Annabi (SAW) ji suke kamar suna ganin aljanna da wuta, idan sun koma cikin mata da 'ya'ya da dukiya sai su manta da yawa. Abubakar ya ce shi ma yana jin haka, suka tafi tare, amsar da suka samu ita ce da zasu dawwama akan wancan halin da mala'iku sun riƙa musafaha dasu a hanya da kan shimfiɗa, amma ya Hanzala, sa'a da sa'a, wato akwai lokacin wannan akwai lokacin wancan.

In ka tsinci kanka a nan, fara duba jikinka, awa nawa kake barci, dan sau da yawa abinda muke kira mutuwar zuciya rashin barci ne na sati uku. In kuma baƙin cikin ya daɗe, ya hana ka ci da barci da fita, har kana jin rayuwa bata da amfani, ka ga likita tare da addu'arka, wannan ciwo ne kamar kowane ciwo kuma yana da magani. Sannan ka nemi mutum ɗaya, malami ko aboki mai tsoron Allah wanda baya jin kunyar faɗa maka gaskiya, ku riƙa magana ko sau ɗaya a sati biyu, ka faɗa masa halin da kake yaƙi dashi da hidimar da ka ɗauka, shi ma ya faɗa maka nasa.

Wajen dawowa kuma kar ka ce zaka ɗauko duka a rana ɗaya. Ka koma kan salloli biyar akan lokaci na kwana 3 ba ƙari, rana ta huɗu ka dawo da wuridin safe ko da minti 5 ne, sai sati mai zuwa ka kira wanda kake yi wa hidima ka ce masa ranar kaza ina nan zuwa, ka rubuta ranar a takardar nan taka.